Na Zaɓi Amna, Na Bar Yaya Zulai

Kwanduna na fara gani a Alƙahira. Motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi ta shiga layinmu a unguwar Faisal da hantsi, kowa yana kallon tsawon gidaje, ni kuwa idona yana kan wasu kwanduna da ke reto a jikin igiya daga barandar benaye. Wata mata daga can sama ta zuro nata, mai burodi ya zuba mata a ciki, ta ja abinta ba ta taka matakala ko ɗaya ba. Na taɓa Yaya Zulai na nuna mata. Ta ce ni dai kullum sai na ga abin da ba a aike ni gani ba, ga Masar sukutum a gabana ina kallon kwando. Umma ta ce mu yi shiru mu riƙe jakunkuna. Daga baya na ji ana ce masa sabat, kuma kafin wata ya ƙare mu ma mun ɗaura namu.

Na fara da kwandon ne domin ta dalilinsa na san Amna, kuma a kan Amna ne labarin da kuka tashi kuna ji yake. Kun san hoton nan da ke falon Inna Zulai, tana tsaye a bakin teku da takalmi a hannu, iska ta cika mata hijabi. Kun kuma san abin da take faɗa wa duk wanda ya tambaya: wai ni uwarku na ƙi ta a gaban jama'a na ɗauki bare, ita kuma ta fusata ta ɗirka wa ƙwallo kulki, ƙwallon ya tsallake katanga ya faɗa kan keken mai sayar da ful, wato dafaffen waken Masar, ta tafi Iskandariyya ta bar ni a gida ina wanke-wanke. Ƙwallon ya tsallake katanga, wannan gaskiya ne, ina durƙushe a wurin. Mai ful ma gaskiya ne, har ya riƙe ƙwallon ya ce ba zai bayar ba sai wadda ta buga ta fito ya ga idonta. Maganar fushi ce kawai ba haka take ba. Tun ranar da na ji ɗan'uwanku Khalil yana gaya wa abokinsa cewa Innarsa ta rama abin da aka yi mata, na ce bari in rubuta muku yadda aka yi.

Karatu ne ya kai kakanku Masar. Yawancin ɗaliban ƙasarmu a unguwar Hay el-Sabi' suke zama, amma mai iyali kamar Baba ya fi samun sauƙi a Faisal, sai dai ya sha doguwar tafiya a mikrobas, ƙaramar motar haya, kullum. Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshe a gare mu, Baba yana haɗa rubutunsa, kuma an riga an ce mana da zarar zafi ya wuce za mu tattara mu koma gida. Shekarar ce ake yawan ɗauke wuta, motoci suna yin dogon layi a gidajen mai. Ina da shekara goma sha uku, kuma ina da kunyar da har malamai sun gaji sun daina kiran sunana. Yaya Zulai ta girme ni da shekara uku, ita kuwa Larabcin Masar ya zauna a bakinta, takan tsaya ta yi ciniki da direban tuktuk, keke mai ƙafa uku, har ya ɗaga hannu ya ce khalas, shi ke nan. Da ganinta za ka ce ba ta barin wa kowa komai. Amma ni na san wani abu nata. Idan muna cin abinci kwano ɗaya nama ya rage yanka guda, sai ta ture mini shi ta ce ta ƙoshi, ta miƙe ta wanke hannu da sauri kada in yi magana. Ba ta taɓa ƙoshi ba. Kara ce take yi mini, kuma ba ta son a gane.

A bayan layinmu akwai cibiyar matasa, wadda muke kira markaz, mai fili da doguwar katanga. Ranar Asabar da safe na 'yan mata ne, namiji ba ya shiga, shi ya sa Baba ya bar mu. Wata malamar motsa jiki, Kabtin Samah, ta zo mana wata rana da buhu a kafaɗa, ta zazzage shi a ƙasa: kulake masu santsi, fararen ƙwallaye masu jan ɗinki, da wasu manyan safar hannu na fata kamar kunnen giwa. Ta ce sunan wasan besbol, ta koyo shi a ƙasar waje inda ta yi karatu. Mutum ɗaya ta tsaya a tsakiyar fili ta yi jifa, wata ta tsaya da kulki ta buga. In ta kuskure sau uku, ta fita. In ta buga, sai ta yar da kulki ta ruga ta bi tashoshin da aka jera a fili, in ta zagayo ta dawo inda ta tashi kafin a kama ta, an ci ɗaya. Muka yi ta dariya, muka ce wannan ai wasan mahaukata ne. Asabar ta gaba babu wadda ta makara.

Yaya tun bugun farko aka san an samu. Ita ce mai kakkaɓe dardumomin gidanmu a baranda, tana dukan su har maƙwabta na ƙasa su leƙo suna ƙorafin ƙura, kuma wannan hannun ta kawo fili. Kafin ta buga takan ɗan ɗaga ƙafar hagu, ta ciji leɓenta na ƙasa, sai ka ji ƙau, 'yan mata suna gudu suna kallon sama. Ni kuwa na gwada bugu na kasa, na gwada jifa ƙwallon ya tafi wurin mai shara. Sai Kabtin ta ɗauko wani abin rufe fuska na ƙarfe mai kama da keji ta sa mini, ta ce in durƙusa a bayan mai bugu in riƙa cafe duk ƙwallon da aka kuskure. Ina sa shi na ji wani irin sanyi a raina. Ina ganin kowa, babu mai ganin fuskata. Ina ganin ƙafar mai bugu, da yatsunta a jikin kulki, da wadda take tsoro tana ɓoyewa. Ban taɓa son wani abu a Masar kamar kejin nan ba.

Abin da muka rasa shi ne mai jifa ta gaske, kuma daga barandarmu na hango ta. Akwai wata yarinya doguwa siririya da ke zuwa layinmu daga unguwar Ard al-Liwa da jaka a rataye. Mahaifiyarta tana haɗa lalle da turaren wuta, ita kuma tana kai wa masu saye. Mai gadin benen da ke kallon namu ba ya barin ta hawa, kuma igiyar kwandon wata tsohuwa da ke hawa na huɗu ba ta kaiwa ƙasa, tana tsayawa a sama da kan mutane nesa. Sai yarinyar ta ƙulle lallen a leda kamar girman lemo, ta ja baya, ta wurga. Ya faɗa cikin kwandon tsaf. Na ce sa'a ce. Mako na gaba ta sake, kwandon ma yana lilo a iska. Na daɗe ina kallon ta ban yi magana ba, har ranar da na ji ta ja tsaki ta ce wa mai gadin da Hausa, can ƙasa-ƙasa, Allah ya shirye ka. Kwandonmu na zura mata da ƙwallon wasan a ciki, wanda Kabtin ta ba ni aro, don na kasa buɗe baki. Ta ɗaga kai.

“Shinu wannan? Ke Bahausa ce kina kallona kamar kyanwa tun rani?”

Na ce mata ta jefo mini. Ta jefo, ya shigo tafin hannuna kamar an ajiye shi. Sunanta Amna, mutanen Sudan ne, kakanninta daga wajen Sakkwato suka tashi za su Makka suka zauna a hanya. Hausarta tana da daɗi da ban dariya, rabi irin ta tsofaffi, rabi Larabcin Sudan. Asabar ta gaba na ja ta zuwa markaz. Jifarta ta farko ta sa hannuna ya yi zafi har cikin ƙashi ta cikin safar fata, kuma inda na ajiye hannun nan ya same ni. Kabtin ta cire usur daga baki ta tsaya tana kallo. Ni kuwa cikin keji ina ta murmushi, babu wanda ya sani.

Da zafi ya fara shigowa, Kabtin ta tara mu ta ce ta shirya da wata ƙawarta a Iskandariyya mai koyar da irin wasan. Za a tafi da ƙungiya ɗaya a jirgin ƙasa, a yi wasa da 'yan matan can, a wuce bakin teku a dawo. Filin ya rikice da ihu. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, ni da Yaya kuwa mun san in ba wannan ba shi ke nan, gida za mu koma. Ta ce za a raba mu biyu, a kara sau uku, masu rinjaye su tafi. Amma ba ita za ta raba ba. A ƙasashen da wasan nan sana'a ce, in ji ta, ƙungiyoyi kan zauna su riƙa ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma wadda ta fi rauni ita ake bari ta fara. Ta ce masu cafewa biyu ne za su yi zaɓen, don su ne ke ganin fili duka: ni da Nurhan, wata Bamisriya mai murya kamar lasifika. Kuma tun da ɓangarena ne ya sha kashi a wasan gwaji, ni zan fara, Asabar mai zuwa.

Kowa ya san a kan mutum biyu ake magana, Yaya da Amna. Wadda na bari, Nurhan za ta ɗauke ta kafin in rufe baki. Na tsaya bayan an watse na tambayi Kabtin wanne ya fi, mai jifa ko mai bugu. Ta yi dariya ta ce manyan da ke cin abinci da wannan aikin har yau ba su gama wannan gardamar ba. Mai jifa ita ke riƙe da wasan, amma hannu yana iya gajiya ko ya lalace. Mai bugu tana iya juya wasa da duka ɗaya, amma sai layi ya zo kanta. Ta dafa kaina ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in je in yi tunani.

A gida kuwa babu wanda ya ga abin tunani. Ranar Juma'a Kawu Bashir, ƙanen Umma da ke karatun shari'a, ya zo daga Hay el-Sabi' cin tuwo kamar kullum, don miyar kukarmu daga gida ake aiko ta. Yaya ta ba shi labari tana nuna yadda za ta tsaya a bakin ruwa. Ya gyara zama, ya sa muryar da yake kwaikwayon malamansu da ita.

“Mas'alar nan tana da ƙauli biyu. Jamhur, mafi yawan malamai, sun tafi a kan bugu, domin babu wanda ke fita daga gida ya je kallon an kuskure.”

Baba ya ce shi dai bai san nassi a kan wannan ba, kuma kada a sa sunansa a fatawar da ba a biya shi da nama ba. Aka yi ta dariya. Kawu ya ce shi ya shiga intanet ya duba, har a Amurka masu kuɗi suna tsoron ɗaukar mai jifa da fari, wai hannu ba shi da tabbas. Baba ya ce to ai shi ma mai bugun da hannu yake yi, ba da ƙafa ba. Suka kama gardama ta gaske a kan wasan da ko sau ɗaya ba su taɓa gani ba, wannan ya ce dalili, wancan ya ce ƙiyasi, har tuwo ya huce. Ina gefe ina jin daɗi kamar in tashi sama, don ban taɓa ganin manya suna magana a kan abin da yake hannuna ba. Umma ce kawai ba ta yi dariya ba. Da muka shiga kicin ta ce mini Hausawan garin nan ba su da yawa, kowa ya san kowa, kuma ba ta son a ji a bakin matan ɗalibai cewa 'yarta ta tsallake yayarta ta ɗauki 'yar mai lalle. Ta ce ƙarami shi ke yi wa babba kara, haka ta tashi ta gani.

Na so in yi. Na yi ta gwada faɗin sunan Yaya a bakina. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ji zafin nan a tafin hannuna. Yaya za ta zo bugu jefi-jefi ne, sai sauran takwas sun yi nasu. Amna kuwa babu ƙwallon da zai tashi a filin sai daga hannunta. Kuma akwai wani abu da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Ina son in ga ranar da su biyun za su fuskanci juna da gaske, ina durƙushe a tsakiya. A wasan gwaji Kabtin takan ce wa Amna ta sassauta don kowa ya koya. Ban taɓa ganin jifarta duka ta haɗu da bugun Yaya duka ba, kuma tunanin kawai yana cika ni da daɗi.

Ranar Asabar aka jera 'yan mata a jikin katanga. Yaya ta riga ta matso gaba kaɗan, kulkinta a kafaɗa, tana taunar cingam. Amna tana can ƙarshe tana kallon ƙasa, don ita ma ta gama yanke wa kanta hukunci. Kabtin ta ce yalla, in fara. Da ma an bar ni na sa keji.

“Amna,” na ce.

Kabtin ta ce in ɗaga murya ba a ji ba. Na sake faɗa, wannan karon har mai shara ta juyo. Amna ta nuna ƙirjinta da yatsa. Yaya ta daina tauna. Ta dube ni, ta yi wata 'yar dariya, ta taka zuwa wurin Nurhan tun ba a kira ta ba. Nurhan ta rungume ta tana tsalle tana cewa wallahi ta gode mini, Allah ya ƙara mini irin wannan basira.

A hanyar gida Yaya ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta koma kirana Kabtin. Kabtin, miƙo gishiri. Kabtin, an ba da izini in shiga banɗaki? Ita ce take yi mini kitso kowace Alhamis tun ina ƙarama, wannan makon ta ce yatsunta suna hutawa saboda wasa. Umma ta yi mini, tana ja kamar tana tsifar tabarma. Baba ya kira ni ya tambaye ni dalili, na faɗa masa ina kallon yatsun ƙafata. Ya ce ijtihadi ne, Allah ya sa a dace, amma in sani zan ci tuwo da wadda na bari.

Wasan farko namu ne, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ni da Amna mun shirya alama: in na taɓa gwiwar dama ta jefo ta ciki, in hagu ta waje. 'Yan matan Nurhan suka yi ta dukan iska. Yaya ta buga ɗaya mai kyau, amma babu kowa nasu a tasha, ta tsaya ita kaɗai tana huci. Wasa na biyu Amna ta zo a gajiye, ta yini jiya tana raba lalle saboda wani biki, hannunta ya yi nauyi. Na tuna maganar Kawu. Yaya ta same ta sau biyu, na biyun har ya daki katanga ya dawo, suka cinye mu tas. A mikrobas ɗin da ya ɗauke ta zuwa Ard al-Liwa Amna ta leƙo ta taga ta ce mini ranar ƙarshe ko uwarta ta aike ta ba za ta ɗaga ko cokali ba, in gaya wa yayata ta ci abinci sosai.

Ranar Alhamis kafin wasan ƙarshe, da la'asar, Yaya ta ɗauko tsinke da man kitso ta ce in zo in zauna. Ba ta ce Kabtin ba, Auta ta ce. Ta yi mini shuku a hankali, tana tambaya ko da zafi. Tana cikin yi ta ce wai an ce ruwan teku yana da gishiri sosai, in kula kada in buɗe baki. Na ce ai ba a buga wasan ba tukuna. Ta ce haka ne. Na ji daɗin an shirya har ban tsaya na juya maganar ba, ni da nake juya komai. Na ga dai Umma ta leƙo daga kicin ta dube ta, ta koma.

Ranar Asabar markaz ya cika. Iyaye mata sun zo da tabarmi da fulas ɗin shayi, mahaifiyar Amna ta zo da tobinta, lafayar matan Sudan, mai ruwan goro tana ƙamshin turare, Umma ma ta zo ta zauna nesa da ita kaɗan, kafin a jima sun koma tabarma ɗaya. Hannun Amna ya dawo. Ƙwallo yana shigowa safata da wata ƙara da har yau nake ji idan aka rufe ƙofar mota. Muka ci ɗaya, suka rama, muka ƙara. Muryata ta fita ranar, ina kiran 'yan matanmu da suna ina gaya musu inda za su tsaya, har Kabtin ta juyo ta ga ko ni ce.

Zuwan Yaya na farko ta kuskure uku ta fita. Ɓangarenmu ya kaure da tsalle, ni ma na miƙe, amma wani abu ya tsaya mini. Zuwanta na biyu na bar kallon ƙwallo na kalle ta. Ƙafar hagu tana ƙasa, ba ta ɗaga ba. Leɓenta ba a cije ba. Ta kawo kulkin da ƙarfi har tana juyawa, mai kallo daga tabarma zai ce ta yi iyakar yinta, amma sai ƙwallon ya shige hannuna take kawo shi. Da ta fita ta juya da sauri ba ta kalle ni ba, daidai yadda take miƙewa daga kwano ta je wanke hannu. A nan na gane kitson, na gane gishirin teku, na gane leƙen Umma. Ƙarama ta ƙi yin kara, sai aka ce wa babba ta yi.

Zagayen ƙarshe muna gaba da ɗaya. Biyu daga cikinsu sun fita, biyu suna tsaye a tasha, saura mutum ɗaya mu fitar mu tafi Iskandariyya. Yaya ce ta ɗauki kulki. Jifa ta farko ta kuskure. 'Yan matanmu suka fara rera sunan teku. Ta biyu ta kuskure. Sai Amna ta ɗaga hannu ta nemi a dakata, ta yafito ni. Na ruga tsakiyar fili. Idonta ya yi ja.

“Yayarki sadaka take ba ni? Na kwana biyu ban ɗauki ko buta ba don wannan. In haka ne ki zo ki jefa da kanki.”

Na tambaye ta ko ta san abin da zai iya faruwa in Yaya ta buga da gaske. Ta ce ta sani sarai, teku ba zai ƙafe ba, ita dai tana so ta sani ko za ta iya. Na ce ni ma. Muka tsaya muna kallon juna, sai muka fashe da dariya, don tsoro da daɗi sun haɗe mana wuri ɗaya. Ta ce za ta jefo wadda ba ta taɓa jefowa ba, in riƙe hannuna da kyau. Har yau in muka yi waya takan ce ita ce jifa mafi kyau da ta taɓa yi a rayuwarta, kuma ba ta ce mini da na sani ba ko sau ɗaya, ko da yake ita ma ba ta ga teku ba a shekarar.

Na koma wurina, na jawo keji na rufe fuska, na durƙusa. Yaya tana gabana, ina jin ƙamshin man kitson da ke hannunta, irin wanda ke kaina. Ƙafarta tana manne da ƙasa. Kabtin tana bayanmu ta sa usur a baki. Ban taɓa gaya wa Yaya abin da za ta yi ba tun da aka haife ni, kuma da babu ƙarfen nan a fuskata ban san ko zan iya ba. Na yi magana da Hausa, don ya tsaya tsakaninmu.

“Yaya, na gani. Ba ki ƙoshi ba.”

Ba ta juyo ba. Ta ce in yi shiru in kama ƙwallona, Auta, mutane suna kallo.

“Don Allah, Yaya. Don ki buga wa Amna na bar ki, ba don kin kasa ba. Ki ɗaga ƙafar nan, ki buga mana da gaske.”